Na Rama da Ladabi

Ni ba mai mantuwa ba ce. Mahaifina malami ne a Isa, tun muna riƙe da allo ya karantar da mu falalar yafiya, na kuma haddace ta, ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta. Sai dai zuciyata ta dangin uwata ce, Gobirawan da in ka taka su yau sai su yi maka murmushi, su jira ka har ka yi furfura. Labarin ramuwa zan bayar, kuma ban zo neman a ce na kyauta ba.

Tsamaye aka kai ni aure, wani ƙauye a ƙasar Sabon Birni, gidan manoman gero da dawa. Mijina ya tashi ba uwa, ƙanwar mahaifinsa ce ta raine shi, ita ce kowa a gidan ke kira Gwaggo. Ita ce kuma ungozomar unguwar. Rabin samarin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu ita ta yanke musu cibiya, kuma ba ta bari kowa ya manta. Ban daɗe da tarewa ba ta ji ina dariya da ƙarfi a bakin murhu, ta kira ni ɗakinta.

"Ke ɗiyar malam, nan ba makarantar allo ba ta," in ji ta. "Gidanga mace ba ta ɗaga murya. In za ki yi man magana ki durƙusa, ki sadda kai ƙasa, ki hwaɗi a hankali. Ba ni son ganin haƙoran yarinya."

Na ce to. Na koya, na kuma iya.

Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta, amma shekarar da cikina ya tsufa 'yan bindiga sun hana bin hanyar Isa, ba mai yarda ya ɗora mai ciki a babur ya bi da ita. Don haka a hannun Gwaggo na haihu, namiji, kukansa har maƙwabta sun ji. Ta shige da mu ɗakin jego, aka toshe taga da tsumma, aka hura wuta, ta fito da kayan jarirai daga akwatinta suna ƙamshin kafur ta naɗe shi da su. A duhun ɗakin nan ba ka bambance fari da rawaya.

Wata safiya kafin suna na lallaɓa da shi bakin ƙofa, don na ga ya yi sanyi da kama nono. Hasken rana ya sauka a fuskarsa. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, dasashinsa haka, har tafin ƙafarsa. Na taɓa ganin irin wannan a Isa, ɗan wata maƙwabciyarmu, da gudu aka yi asibiti da shi, aka ce shawara ce. Na je na durƙusa gaban Gwaggo, na sadda kai yadda ta koya mini.

"Gwaggo, yaron ga idonai ya yi ɗorawa. Ko za a kai shi a duba?"

"Wane yaro?"

Nan na gane kuskurena. Ɗan fari kowa ya san dokarsa, ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa gaban mutane, ba ki nuna kin san yana duniya. A gidan Gwaggo kuwa dokar har ta fi ta ko'ina tsanani.

"La'ilaha illallahu!" Ta tafa hannu, ta ƙwala wa matan da ke dafa ruwan wanka kira. "Ku taho ku ga ɗiyar zamani. Ɗan hwari na ta tasa gaba tana buɗe mai ido tana leƙe. Mu da munka haihi na hwari ko hancinsu ba mu sani ba sai da sunka yi tahiya. Hwarar hwata ta, irin ta gidan malammai da ba su shiga rana. Koma ɗaki, marar kunya."

Matan suka yi ta dariya, ba da mugunta ba, dariyar da ake yi wa sabuwar mai jego. Ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tari mijina a zaure na faɗa masa, shi ma kunyar ɗan fari ta ɗaure masa baki, ya ce Gwaggo ta fi mu sani, ya hau babur ya tafi Burkusuma neman ragon suna. Da yaron ya fara sandarewa yana banƙare baya, yana wani siririn kuka mai shiga ƙashi, Gwaggo ta ce iska ce, ta yi masa turare, ta ɗura masa jiƙon saiwa. Ta ce a tarihin gidan nan ba a taɓa fita da jariri kafin suna ba, ba kuma a kanta za a fara ba.

Bai mutu ba. Bayan suna rawayar ta riƙa washewa a hankali, ya koma shan nono, Gwaggo ta bi gida gida tana ba da labarin yadda ta kori iska daga jikin jikanta.

Sai ya zama yaron da kowa ke yabo. Ana daka a kansa yana barci. Tsawar damina ta tashi duk yaran gida suna ihu, shi ko motsi. Mata su ce kai, wannan mai haƙuri ne, Bagobiri ne na gaske, ba ya firgita. Ni na san ba haƙuri ba ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba kowa sai in zagaya bayansa in buga murfin tukunya da ludayi, ba ya waiwayowa. In inuwata ta gifta kuwa nan da nan ya juyo yana dariya. Na sake zuwa na durƙusa. Gwaggo ta ce wato har yanzu ban bar bin diddigin ɗan fari ba, ta ce mazan gidan nan ba su saurin magana, ubansa ma sai da ya yi wayo. Ta ɗauke shi daga ɗakina ya koma kwana wurinta, wai don a raba ni da abin kunya.

A nan dole in faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba, Gwaggo ta so yaron nan. Bayanta ne gadonsa. Ita ke dama masa fura da hannunta, tana kiransa maigidana, tana yi masa tsiyar bai kawo cefane ba. Shi ma in bai gan ta ba ba ya cin abinci. Wannan bai rage mini komai ba, sai ma ƙara mini wuta da ya yi.

Da aka yaye shi, ya yi tafiya a makare, sa'anninsa suna ta surutu shi ko "inna" babu, magana ta ƙi ɓoyuwa. Kowa ya gane kurma ne. A nan ne Gwaggo ta yi mini abin da ya fi na farko. A gidan biki, a gidan mutuwa, a bakin rijiya, sai ta rage murya ta ce abin a jini yake, daga gidan malam aka kawo musu shi, ai akwai wani tsoho a danginmu da ba ya ji. Tsohon nan kawun mahaifina ne, ya karantar da ɗalibai har tsufa ya toshe masa kunne. Maganar ta bi 'yan kasuwa har Isa. Ƙanwata da ake neman aurenta, mutanen suka janye ba tare da sun ce komai ba. Mahaifina bai taɓa tayar mini da zancen ba, amma na ga yadda ya riƙe yaron ranar da muka samu zuwa, ya karanta masa Fatiha a kunne, ya daɗe bai ɗago kai ba.

Da na sake samun ciki na kafe. Na ce wa mijina ko ya kai ni birnin Sakkwato wurin 'yar'uwar mahaifiyata in haihu a asibiti, ko in tafi da ƙafata. Ya ga idona, ya kai ni, na tafi da yaron. Mace na haifa, ita ma ta yi rawaya kafin a sallame mu. Ba wanda ya yi turare. Suka tuɓe ta, suka rufe mata ido, suka kwantar da ita ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, har jikinta ya washe. Kafin mu tafi wata ma'aikaciyar jinya ta zo da ɗan abu mai igiya, ta jira yarinyar ta yi barci, ta sa mata kansa a kunnen dama, ta koma na hagu. Ko farkawa ba ta yi ba. Matar ta ce tana ji, amma tunda ta yi shawara sai an yi mata wani gwajin da ya fi wannan zurfi, kuma in dawo da ita nan gaba a sake dubawa.

Na ce, "Jaririn da bai san komi ba, har ana gane shina ji ko ba shi ji?"

Ta ce ƙwarai, tun yana ɗanyen goyo. Sannan ta shiga yi mini tambayoyi. Ko akwai wanda aka haifa kurma a danginmu ko na mijina. Ko ni da shi 'yan'uwa ne. Ko na yi zazzaɓi mai ƙuraje da ciki. Ko bakwaini na taɓa haifa, ko wani ɗana ya taɓa sanƙarau, ko an taɓa yi masa allurai masu ƙarfi barkatai. Duk na ce a'a. Ta nuna ɗana da ke zaune bakin gado yana wasa da takalmina, ta ce shi fa, ya yi shawara yana jariri?

Na ba ta labari tun daga bakin ƙofa har banƙarewar baya. Da na ambaci kafur ta runtse ido, ta ce akwai jariran da jininsu ba ya shiri da shi, yana iya tayar musu da shawara mai tsanani, kada in kusantar da shi ga wannan. Ta haɗa mu da likitan kunne. Ya gwada yaron, ya ce ba zai rantse ba tunda bai gan shi a lokacin ba, amma shawarar da ta kai jariri ga sandarewa sananniya ce wurin lalata ji. Ya ce da an kawo shi a kwanakin nan, mai yiwuwa fitilar da aka sa ƙanwarsa ta ishe shi. Da kuma an gane kurumtar a watannin farko, da an fara taimaka masa tun harshe bai wuce shi ba.

Ban yi kuka a gabansa ba. A motar komawa Sabon Birni na yi, jaririya a cinya, yaron ya jingina da ni yana kallon itatuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, an haife shi yana ji. Akwai 'yan kwanakin da in na yi masa magana muryata za ta shiga kunnensa, ni kuwa na kwashe su ina kawar da kai don kada a ce ba ni da kunya. Kafin mu isa gida na gama ƙudurta cewa sai Gwaggo ta faɗi abin da ta yi da bakinta, a gaban matan da ta tara mini.

Na gaya wa mijina abin da likita ya ce. Ya ce ƙaddara ce, kada in tayar da fitina. Na gaya wa Gwaggo, ta ce likitocin birni ba su da aiki sai raina na gaba. Na bar maganar. Na zubar da kunyar ɗan fari a kwandon shara, na maido ɗana ɗakina, muka shiga ƙirƙirar maganarmu ta hannu ni da shi, wasu alamun kuma muka koyo wurin wani kurma mai gyaran babur a kasuwar Sabon Birni. A shekarun nan da kunne ne ke tsaron rai, in an ji rugugin baburan 'yan bindiga daga nesa kowa ya faɗa cikin gero, ni sai na fara neman inda ɗana yake, don shi ba abin da zai gaya masa a gudu. Duk ranar da haka ta faru, in mun dawo, sai in dubi Gwaggo in ƙara ajiye mata a zuciya.

Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Tsufa ya zo wa Gwaggo ta kunne. Da fari sai an maimaita mata, daga baya sai an yi ihu, har ta koma bin leɓɓan mutane da ido tana cinkar abin da suke faɗa. Kowa a gidan ya koyi tsayawa gabanta ya buɗe baki ya ɗaga murya, ban da ni. Ni in zan yi mata magana sai in durƙusa, in sadda kai ƙasa, in ja gefen mayafi in kare bakina, in faɗa a hankali.

"Mi kinka ce?"

In sake faɗa, a hankali.

"Ɗaga murya, ke!"

"Wa ni, Gwaggo? Gidanga mace ba ta ɗaga murya."

Wannan ma ba ta ji ba, amma matan gida sun ji, suka riƙa toshe baki. Ba mai iya kama ni da laifi. Wa zai kai ƙarar surukar da ta cika ladabi? Baƙi in sun zo har yabona suke yi, su ce 'yar malam ba ta canza ba. In an yi haihuwa a unguwa ni ake aikowa in gaya mata, in je in durƙusa in gaya wa ƙasa, sai ta ga mata sun wuce da ƙwarya sannan ta gane. In ana hira a tsakar gida aka fashe da dariya, ta juyo tana tambayata me aka ce, in ba ta amsa cikin ladabi. Na ga yadda take zama a tsakiyar mutane ita kaɗai, idonta na yawo daga wannan baki zuwa wancan. Na san zaman nan sarai, ɗana a cikinsa ya girma. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji, an ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi.

Wanda bai guje ta ba shi ne yaron. Bai san komai ba, ban taɓa gaya masa ba. Shi dai ya ga tsohuwarsa ta shigo duniyarsa, ya yi murna. Sai ya zauna gabanta ya nuna ruwa ya yi alamarsa, ya kama yatsunta masu sanƙarar tsufa ya lanƙwasa su, in ta yi daidai ya yi tsalle.

Wata damina ciwo ya kwantar da ita, har aka fara zuwa dubiya daga ƙauyuka. Ran nan bayan la'asar ta aiko a kira ni. Ɗakin cike da mata, har da waɗanda suka dafa mini ruwan jego. Yaron na zaune a gefenta yana kore mata ƙuda. Ta kama hannuna.

"Ɗiyar malam, zama wuri guda sai da saɓani. Abin da niy yi miki, wanda nis sani da wanda ban sani ba, ki yahe man."

Kowa ya san amsar da ake bayarwa, matan har sun fara cewa Allah Ya yafe mu baki ɗaya. Ni kuwa na ɗago kai, na saki mayafi, na matsa daf da fuskarta yadda za ta ga bakina, na buɗe muryar da na binne tun ina amarya.

"Wanda kinka sani, Gwaggo. Hwaɗe shi."

Wata ta ce haba, a bar kaza cikin gashinta. Ban ko dube ta ba. Gwaggo ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ga yaron, ta ɗora hannu a kansa.

"Na ga idonai," in ji ta. "Tun kahin ki gani nig gani. Tsoro niy yi a ce ɗan da Gwaggo ta amsa an kwashe shi an kai asibiti, ɗan gidanta kuma. Ba jinin malam ba na. Ku ji da kyau, ku kai inda nik kai waccan magana. Ba jinin malam ba na."

Shekara da shekaru nake jiran maganar nan, na zaci in ta fito zan ji sanyi. Ban ji ba. Yaron ya ga bakinta na motsi, ya ga mata na share hawaye, ya taɓa ni ya juya tafin hannu, wato me ta ce. Na dubi fuskarsa. In na gaya masa, na raba shi da mutum guda da ya fi so a gidan nan. Na yi masa alamar tana jin ƙishirwa. Ya tashi da gudu ya tafi randa.

Na koma ga Gwaggo, da ƙarfi. "Na gidan ubana na yahe. Na kunne ba nawa ba na, nashi na. Ba ni kai miki saƙo. Ki hwaɗa mai da kanki, yadda za shi gane."

Ba ta mutu a wannan kwanciyar ba. Ta tashi, ta ga kaka, ta ga an kai gero rumbu. Kuma ta ɗauki maganata da gaske, abin da ban zata ba. Kullum da hantsi tana tabarma da yaron tana koyo. Ta iya ruwa, ta iya fura, ta iya akuya, ta iya zo, tafi, ciwo, gobe. Duk abin da ake nunawa da yatsa ya koya mata. Amma yafiya ba a nuna ta da yatsa, ba ta da yadda za ta tambaye shi, mijina kuwa a maganar hannu bai wuce alamar zo ka ci ba. Mu biyu kaɗai muka san alamar, ni da ɗana, tun ranar da ya fasa mini tulu ya zo yana kuka muka yi ta.

Wata rana ina tankaɗe a tsakar gida ta jawo jiki da sanda ta zauna kusa da ni. Matar da ban taɓa jin ta roƙi kowa ba ta miƙo mini hannayenta biyu.

"Gwada man yadda a ka ce mai shi yahe man."

Alamar ba wuya gare ta, ko ƙanwarsa za ta iya. Na dubi hannayen nan da suka karɓe shi ranar da ya zo duniya da kunnensa lafiya. Na ce mata hannuna da gari, ta bari sai an jima.

Ta sake tambaya bayan sallar layya, na ce sai an jima. Ta rasu kafin ruwan fari ya sauka. Ɗana ya bi gawarta har maƙabarta, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakinta ya ƙi cin abinci. Da na kai masa fura ya ɗago ya tambaye ni da hannu, wai me tsohuwar take ta son gaya masa ne, da kullum sai ta kama hannunsa ta buɗe baki, ta kuma saki?

Yana nan yana jiran amsa. Ya kusa fara aske gemu yanzu, kuma bai daina tambaya ba.